Dare a Ƙasa, Rana a Sama: Gidan da Magritte Ya Zana

Gida ne mai bene a wata unguwa da babu hayaniya. An rufe tagogin ƙasa da ƙyauren katako, alamar masu gida sun gama hidimar yini. A sama, ta gefen hagu, tagogi biyu na fitar da haske ja-ja, irin na ɗakin da mai shi bai kai ga kwanciya ba. Fitilar titi guda ɗaya na tsaye a gaban gidan, ta haska bango iya inda ƙarfinta ya kai, sauran wurin kuwa duhu ya cinye. Akwai ruwa kwance a gaba, hoton fitilar ya faɗa cikinsa. Wata doguwar bishiya baƙa ƙirin ta miƙe har ta wuce rufin. Babu mutum, babu mota, ko kare babu.

Idan ido ya bi bishiyar nan zuwa ƙololuwarta, sai ya ci karo da abin da bai zata ba. Sama shuɗiya ce garau, fararen gizagizai na shawagi a cikinta, irin saman hantsi ko na azahar. Ƙasa dare ne, sama rana.

Mutane da dama sukan ɗau lokaci a gaban zanen suna yaba natsuwar unguwar kafin su ankara cewa akwai abin da bai yi daidai ba. Da zarar mutum ya gani kuwa, shi ke nan, ba zai ƙara kallon gidan da idon farko ba.

Sunan zanen da Faransanci L'Empire des lumières, wato Daular Haske. René Magritte, ɗan ƙasar Beljiyam, shi ya zana shi a 1954, kuma yau yana rataye a gidan adana zane-zanensa da ke tsakiyar birnin Brussels. Tsayinsa santimita 146, faɗinsa 114. Yana da 'yan'uwa da yawa, domin daga 1949 zuwa cikin shekarun 1960 Magritte ya yi ta komawa kan wannan tunani: guda 17 da fentin mai, 10 da fentin ruwa mai kauri. Gidan yakan canza, titin yakan canza, amma dare na ƙasa, rana na sama. A watan Nuwamban 2024 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a New York a kan dala miliyan 121.2, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan aikin wani mai zane na salon da ake kira Suriyalizim.

Me ke cikin hoton gida da fitilar titi da zai kai haka? Amsar tana tattare da gidan kansa, da yadda mai zanen ya ƙi yi masa ado ko kaɗan.

Mai zanen da ya yi kama da akawu

An haifi Magritte a garin Lessines ranar 21 ga Nuwamban 1898. Mahaifinsa tela ne da ya koma kasuwanci, mahaifiyarsa kuma ta yi sana'ar ɗinkin huluna kafin aure. Ya yi karatu a makarantar koyon zane ta Brussels daga 1916 zuwa 1918, ya auri Georgette Berger a 1922, sannan ya shiga neman abin kaiwa baka kamar kowa. Ya fara da masana'antar takardun ado da ake mannawa a bangon ɗaki, daga baya ya koma zanen tallace-tallace.

Sana'ar talla ta bar masa gado. Mai zanen talla ba shi da damar ɓoye-ɓoye: kwalba ta fito kwalba, takalmi ya fito takalmi, ta yadda mai wucewa a kan keke zai gane cikin ƙiftawar ido. Da wannan hannun Magritte ya yi ta zane har ƙarshen rayuwarsa.

A farkon shekarun 1920 wani abokinsa ya nuna masa hoton wani zane na Giorgio de Chirico, ɗan Italiya, wanda aka yi a 1914. A ciki an kafe kan wani gunkin Girkawa a bango, kusa da shi ga jar safar hannu ta roba, a ƙasa kuma koren ƙwallo. Kowanne abu sananne ne, haɗuwarsu ce ba ta da dalili. An ruwaito cewa Magritte ya yi hawaye da ya gani. Abin da ya ɗauka daga nan shi ne, babbar tambayar mai zane ita ce me zai zana, kuma me zai ajiye kusa da me. Iya sarrafa burushi daga baya yake zuwa.

A daidai wannan lokaci wata tafiya ke tasowa a Paris. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya laƙume miliyoyin rayuka, kuma matasan marubuta da masu zane sun fito daga cikinsa suna tuhumar wayewar da ta yi ta alfahari da hankali da lissafi amma ta kai jama'a mahallaka. André Breton, wanda ya yi aiki a asibitocin sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma ya karanta ayyukan Sigmund Freud, ya fitar da sanarwar wannan tafiya a 1924. Ana kiran ta Suriyalizim. Manufarta ita ce a buɗe wa mafarki da ɓoyayyen tunani ƙofa su shigo cikin adabi da zane.

Kowa da hanyar da ya bi. Wasu suka saki hannu ya yi ta yawo a kan takarda ba tare da shiri ba. Salvador Dalí na Sifen ya narkar da agogo a shahararren zanensa na 1931. Magritte bai narkar da komai ba. Ya koma kusa da Paris a 1927, bayan masu sharhi sun yi kaca-kaca da baje kolinsa na farko a Brussels, ya zauna cikin mutanen Breton shekara uku, jininsu bai haɗu sosai ba. Da kasuwar zane ta karye bayan rugujewar tattalin arziki ta 1929, sai ya tattara ya dawo gida a 1930, shi da ƙanensa Paul suka buɗe ɗan shagon zanen talla.

Daga 1930 zuwa 1954 ya zauna a gidan haya mai lamba 135 a titin Esseghem, unguwar Jette. A nan ya yi kusan rabin ayyukansa, kuma ba a wani katafaren ɗakin zane ba, a ɗakin cin abinci. Yakan sa kwat, ya fita da ɗan karensa, ya je shagon shayi buga wasan dara irin na Turawa. Wanda ya gan shi a titi da baƙar hularsa zai rantse ma'aikacin banki ne. Unguwar da ke cikin Daular Haske irin unguwarsa ce, ta masu matsakaicin hali da ke kulle ƙofa da wuri.

Yadda aka haɗa dabarar

Abu na farko da ya kamata mai kallo ya yi shi ne ya sa tafin hannu ya rufe rabin sama na hoton. Abin da ya rage hoton dare ne sak, babu abin zargi a ciki. Idan ya sauke hannun ya rufe rabin ƙasa, sai ya ga saman rana da ba ta da aibu. Kowane rabi gaskiya ya faɗa. Matsalar tana wurin da suka haɗu, kuma wurin ba shi da tabo: babu layi, babu ɗinki, babu wata alama da ke cewa a nan aka yi haɗi.

Bishiyoyi ne suka yi wannan aiki. Duhunsu ya taso daga ƙasa ya kutsa cikin shuɗin sama, ganyensu ya fito tsaf a jikin haske. Ido ya saba ganin bishiya baƙa idan haske na bayanta, don haka ba ya gardama. Doguwar bishiyar nan ta zama gada, ido ya hau ta daga dare ya sauka a rana bai san ya ƙetare iyaka ba.

Akwai dalili na biyu da ke jinkirta ganewa. Kowa ya san lokacin almuru, sa'ad da ƙasa ta fara duhu, an kunna fitilu, amma sama na da sauran haske. A Kano ko Damagaram wannan lokaci gajere ne, cikin rabin sa'a da faɗuwar rana duhu ya soma rufewa. A Brussels kuwa, saboda nisanta zuwa arewacin duniya, rana ba ta faɗuwa a ƙarshen watan Yuni sai wajen ƙarfe 10 na dare, kuma hasken sama yakan daɗe bayan nan. Ɗan Beljiyam ya saba ganin fitilar titi a kunne ƙarƙashin sama mai haske. Saboda haka da farko ƙwaƙwalwa sai ta ce, ai magariba ce, ta wuce abinta.

Sai dai saman magariba daban take. Takan yi ja ko ruwan goro ta gefen yamma, shuɗinta ya yi duhu, gizagizai su ɗauki haske daga ƙasansu. Gizagizan Magritte farare ne tas, rana na dukansu daga sama. Rana irin wannan tilas ta sauka a kan rufi, ta haska ganye, ta jefa inuwa a ƙasa. A cikin zanen ko ɗigo ɗaya nata bai taɓa gidan ba. Hasken tsakar rana ya ninka na fitilar titi sau ɗaruruwa, har dubbai, shi ya sa fitilar da aka manta a kunne da rana ba ta haska komai. A nan kuwa ita ce ke mulkin ƙasa, ranar da ta fi ta ƙarfi ta tsaya a sama ba ta da ta cewa.

Wanda ya matsa kusa da ƙyallen zai ga wani abin kuma. Fenti ba ya ba da haske. Abin da ake gani kamar wuta a cikin gilashin fitilar ɗan ɗigon fenti ne fari mai ratsin rawaya, duhun da aka zagaye shi da shi ne ya kunna shi. Hasken da ya zuba a bangon gidan yana raguwa a hankali, yana dusashewa daidai yadda hasken fitila ke yi a zahiri. Fuskar zanen sumul take, ba kasafai ake ganin sawun burushi ba. Magritte bai so a tsaya ana cewa kai, wannan ya iya fenti. So yake a manta da fentin, a yarda da gidan. Sai wanda ya yarda da gidan ne saman za ta girgiza.

Me ya sa gida?

Da a kan wata fada ta almara ko wani dutsen tatsuniya ya ɗora wannan sama, da ba wanda zai damu. A duniyar tatsuniya komai na iya faruwa, mai kallo ya riga ya shirya. Gida kuwa shi ne inda mutum ya fi sakin jiki. Ya san yadda bango yake, ya san ana rufe taga da dare a buɗe da safe. Idan aka taɓa doka guda a wuri irin wannan, nan take jiki zai ji.

Wannan ce hanyarsa a ayyuka da dama. A 1933 ya zana tagar ɗaki, a gabanta an jingina wani zane da ke nuna daidai yankin filin da ya tare, har ba a iya rabe inda zane ya ƙare da inda waje ya fara. Yana Washington yanzu. A 1938 ya zana murhun ɗumama ɗaki na gidan wani attajiri Bature, Edward James, da ke Landan, da agogo da madubi a samansa, komai tsaf, sai ga kan jirgin ƙasa ya ɓullo daga cikin murhun yana fitar da hayaƙi. Wannan yana Chicago. A 1953 ya zana jerin gidaje masu jan rufi irin na Brussels, sararin gabansu cike da maza masu kwat da baƙar hula, a tsaye cikin iska kamar ɗigon ruwan sama. Wannan yana Houston. A duka ukun ginin bai motsa ba, bai karkace ba. Shi ne ma'aunin da ake gane girman abin mamakin da shi.

Daular Haske ya fi su duka kamewa. Babu jirgi, babu mutanen da ke shawagi, babu wani baƙon abu da aka shigo da shi daga waje. Lokuta biyu na yini ɗaya kawai aka haɗa.

Masana sukan ambaci wani ɗan Beljiyam da ya riga Magritte, William Degouve de Nuncques, wanda a 1892 ya zana wani gida mai launin ruwan hoda da tagogi masu haske a tsakiyar duhun bishiyoyi. Wannan zane yana gidan adana zane na Kröller-Müller a ƙasar Holan. Idan aka jera su ana ganin dangantaka: gida a keɓe, taga a kunne, ba kowa a waje. Amma saman Degouve ta dare ce, da taurarinta. Ranar da ke bisa rufi ƙarin Magritte ce.

Rashin mutane ma yana da aikinsa. Tagogi biyun da ke kunne suna shaida cewa akwai rai a ciki, amma mai kallo na waje, a tsallaken ruwa, ba a gayyace shi ba. Bai san ko karatu ake yi a ɗakin ba, ko jinya, ko jiran wanda bai dawo ba. Da an zana mutum ɗaya a bakin taga, da hankali ya koma kansa, da an sami labari, labari kuma yakan kwantar da hankali.

To, me yake nufi?

Wanda ya yi mafarki ya farka cikin damuwa yakan nufi wurin malami. Ya ce ya ga maciji, a ce masa maƙiyi ne, a ba kowane abu ma'anarsa, ya koma gida hankali kwance. Da irin wannan fata mutane da yawa ke tunkarar zanen Magritte: a gaya musu fitila kaza ce, bishiya kaza ce, su huta. Shi kuwa wannan hutun ne ya ƙi bayarwa.

An gwada fassarori iri-iri. Wasu sun ce zanen na salama ne, wai ko dare ya rufe ƙasa akwai haske a bisa. Wasu sun ce na tsoro ne, domin rana ta fito amma ta kasa korar duhu, abin da ɗan'adam ya dogara da shi kullum safiya. Wasu sun duba shekarun, suka tuna cewa Jamus ta mamaye Beljiyam daga 1940 zuwa 1944, kuma zanen farko ya fito shekara biyar bayan nan.

Fassarar da ta fi yawo ita ce ta mahaifiyarsa. A watan Fabrairun 1912, yana ɗan shekara 13, ta bar gida da dare ta faɗa kogin Sambre a garin Châtelet, ba a ga gawarta ba sai bayan fiye da mako biyu. An daɗe ana yaɗa cewa yaron na wurin sa'ad da aka fito da ita, rigarta ta rufe mata fuska, wai shi ya sa ya riƙa zana mutane da ƙyalle a fuska, kamar a zanensa na masoya biyu na 1928. Binciken baya-bayan nan ya raunana wannan labari. Duk da haka, wanda ya san abin da ya faru ba zai rasa jin wani abu ba idan ya ga gida cikin dare, taga a kunne, ruwa a gaba.

Magritte ya yi watsi da irin wannan karatu. Ba ya son masu binciken ƙwaƙwalwa su mai da zanensa mara lafiya da za a gano cutarsa, kuma ya sha nanata cewa abubuwan da yake zanawa ba alamomi ba ne da ke tsaye a madadin wani abu. A ganinsa, mai tambayar ma'ana yana neman hanyar tsira ne daga abin da ya ɗaure masa kai, alhali ɗaurewar kan ita ce abin da aka zana. Da ya yi bayani kan Daular Haske a 1956, abin da ya faɗa kaɗan ne: ƙasa na tuna dare, sama na tuna rana, haɗuwarsu na da ikon ba mutum mamaki da faranta masa rai, kuma wannan iko shi yake kira waƙa. Ya ƙara da cewa dare da rana duk suna jan hankalinsa, bai taɓa fifita ɗaya ba.

Ko sunan zanen ba mabuɗi ba ne. Al'adarsa ce idan ya gama aiki abokansa su taru a gidansa su yi ta kawo sunaye, a zaɓi wanda ba zai zama bayani ba. Abokinsa Paul Nougé, mawaƙi kuma masanin kimiyyar sinadarai, shi ya raɗa wa wannan suna.

Akwai darasi a cikin wani zanensa na 1929, wanda ke Los Angeles. Ya zana lofe tsaf kamar na talla, ya rubuta a ƙasa cewa wannan ba lofe ba ne. Masu gardama yakan ce musu su gwada cusa masa taba. Haka gidan nan yake. Fenti ne a kan ƙyalle, ba ya ƙarƙashin dokar fitowar rana da faɗuwarta. A cikin tunani kuwa dare da rana sukan zauna tare ba rigima. Mutum na iya zama da tsakar rana yana tuna daren jiya, kuma a kowane lokaci rabin duniya na cikin duhu, rabi na cikin haske. Ido ne kawai bai taɓa ganinsu a wuri ɗaya ba.

Wannan bai hana mai kallo nasa ji ba. Wanda ya ji natsuwa da wanda ya ji tsoro duk suna da hujja a jikin ƙyallen. Inda ake kuskure shi ne a ɗauki ɗaya a ce ita ce amsa, a jefar da rabin hoton da bai goyi bayanta ba.

Zane ɗaya, masu so da yawa

Magritte ya zo ga wannan tunani ne bayan wasu shekaru na tangal-tangal. A lokacin mamayar Jamus ya sauya salo, ya koma launuka masu walƙiya da sakin burushi, yana cewa duniyar da ke cikin baƙin ciki farin ciki take bukata. Tsofaffin abokan tafiyarsa ba su ji daɗi ba. A 1948 ya kai Paris wasu zane-zane da ya yi cikin gaggawa da gangan, masu kama da ba'a, ba a sayi ko ɗaya ba. Dillalinsa na New York, Alexander Iolas, ya matsa masa ya koma salonsa na da, wanda Amurkawa ke so. A 1949 ya kammala Daular Haske na farko, Nelson Rockefeller, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Amurka, ya saya. Na biyu, na 1950, mai faɗi ne, yana nuna jerin gidaje a bakin titi, kuma yana gidan adana zanen zamani na New York.

A 1954 aka ware masa wuri a rumfar Beljiyam a babban bikin baje kolin zane na birnin Venice. Cikin abin da ya kai akwai wani babban Daular Haske mai tsayin kusan mita biyu. Masu so suka yi masa ca. Peggy Guggenheim, attajira Ba'amurkiya da ke zaune a Venice, ita ta yi nasara, kuma zanen na gidanta har yau, wanda ya zama gidan kallo. Don kada sauran su tashi a tutar babu, Magritte ya zana wasu uku a cikin shekarar. Ɗaya shi ne na Brussels, ɗaya yana Houston, ɗayan kuma shi ne ya shiga hannun Mica Ertegun, mai tsara adon gidaje a New York, wanda kamfanin Christie's ya yi gwanjonsa bayan rasuwarta.

An zarge shi da maimaita kai saboda kuɗi, kuma ba shakka kasuwa na cikin lissafin. Amma maimaicin ya dace da ra'ayinsa, tunda a wurinsa tunanin ne aikin, ƙyallen abin ɗaukarsa ne kawai. Yawan kwafin bai karya farashi ba. Na 1949 ya tashi a kan dala miliyan 20.5 a 2017. Na 1961 ya kai fam miliyan 59.4 a gwanjon Sotheby's na Landan a watan Maris na 2022. Magritte bai ga ko kusa da wannan ba. Ya shaida babban baje kolin ayyukansa a New York a 1965, ya rasu a Brussels ranar 15 ga Agustan 1967. Daga baya ƙasarsa ta sa hotonsa a takardar kuɗi ta faran 500, aka mai da gidan hayarsa na Jette gidan tarihi, aka kuma buɗe babban gidan adana ayyukansa a 2009.

Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba sun ga inuwar wannan zane. Mawaƙin Amurka Jackson Browne ya kwaikwaye shi a bangon faifansa na 1974, Late for the Sky, inda aka ajiye mota a gaban gida cikin duhu, sama kuma da haske. Shekara guda kafin nan, William Friedkin ya fitar da The Exorcist, fim ɗin ban tsoro kan yarinyar da aljani ya shiga jikinta, kuma ya faɗa da bakinsa cewa daga Daular Haske ya samo fitowar da ta fi shahara a ciki: limamin coci ya sauka daga tasi, ya tsaya da jakarsa kusa da fitilar titi, haske na kwararowa daga tagar bene. Hoton ne aka sa a fastar fim ɗin.

Friedkin ya ɗauki gidan, ya ɗauki fitilar da tagar, ya sa mutum a tsakiya, ya maye gurbin shuɗiyar sama da hazo da duhu. Abin da ya samu tsoro ne zalla, wanda shi ne abin da fim ɗinsa ke nema, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa a gaban fastar yana tambayar me take nufi.